Ba Ta Faɗi Ba, Sai Kuma Me?

A daren 2 ga Oktoba 2008, mutum kusan miliyan 70 suka zauna kallon muhawarar Sarah Palin da Joe Biden a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ba a taɓa kallon muhawarar 'yan takarar mataimakin shugaban Amurka kamar wannan ba, kuma kowa ya san abin da ya tara jama'ar: so suke su ga ko matar za ta ji kunya. Da aka tashi ba ta ji kunyar da aka yi zato ba, sai magoya bayanta suka ɗauki guɗa, wai ta ba maraɗa kunya. Har yau ina jin masu sharhi a wajenmu suna kafa misali da daren nan a matsayin bajinta. Ni kam ban yarda ba, kuma ina ganin irin wannan hukunci yana da haɗari ga duk ƙasar da ke da kujerar mataimaki.

A tuna halin da ake ciki. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba. Majalisar Wakilai ta yi watsi da shirin ceto bankuna na dala biliyan 700 kwana uku kafin muhawarar. Sojojin Amurka na Iraƙi da Afganistan. John McCain kuwa, wanda Palin za ta yi wa mataimakiya, shekararsa 72, ya kuma yi fama da cutar dajin fata. To, a irin wannan hali, me ya kamata mai kallo ya tambayi kansa? Idan aka wayi gari dattijon nan ba shi, matar nan za ta iya riƙe ƙasar? Tambayar ke nan, babu wata.

Amma da wane sikeli aka auna ta? Da na hirar da ta yi da Katie Couric 'yan kwanaki kafin nan, inda aka tambaye ta jaridun da take karantawa ta kasa ambaton ko ɗaya. Tunda ta yi kame-kame a can, duk abin da ta yi a St. Louis sai ya zama ci gaba. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta CNN a daren ta fallasa wannan rashin kan gado: kashi 84 cikin 100 sun ce ta yi abin da ya fi zatonsu, amma waɗanda suka ce ta cancanci zama shugabar ƙasa ba su kai rabi ba. Wato ɗalibin da aka zaci zai ci sifiri ya ci talatin, aka yi masa walima, aka manta ba a haye jarrabawa da talatin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta faɗa da bakinta, tun muhawarar ba ta yi nisa ba, cewa mai yiwuwa ba za ta amsa tambayoyi yadda Biden ko mai gabatarwa Gwen Ifill suke so ba, ita da jama'a za ta yi magana kai tsaye. Aka tafa mata, wai jarumta. Wace jarumta? Mai neman aiki ya shiga ɗakin tantancewa ya ce shi fa abin da ya haddace a gida zai karanto, a wane ofis za a ɗauke shi? Haka ta yi: a tambaye ta bashin gidaje, ta zame ta koma maganar makamashi da Alaska, tana murmushi, tana kanne wa kyamara ido. Kwamandan sojojin Amurka a Afganistan, Janar McKiernan, ta kira shi McClellan.

Za a ce ai Biden ma ya yi ɓaranɓarama. Ya yi. Ya ce Amurka da Faransa sun kori Hizbullah daga Labanan, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma mutumin da ke shugabantar kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa bai kamata a yafe masa wannan ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin direban da ya saki hanya da wanda bai taɓa riƙe sitiyari a babban titi ba. Za a kuma ce don tana mace ake matsa mata. Dan Quayle namiji ne, kuma wannan tambayar ta cancanta ita aka yi ta jefa masa a 1988 har ya rasa tudun dafawa. Colin Powell, ɗan jam'iyyarta, ya fito ranar 19 ga Oktoba ya ce bai ga ta shirya zama shugabar ƙasa ba.

Masu cewa mataimaki safayar taya ce kawai, su duba tarihi. Shugabannin Amurka takwas sun mutu a kan mulki. Harry Truman kwana 82 ya yi yana mataimaki, Roosevelt ya rasu a Afrilun 1945, bayan wata huɗu shi ne ya ɗauki alhakin jefa bam ɗin nukiliya a Japan. Mu ma nan yankin ba labari aka ba mu ba. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka rantsar da Jonathan. Atta Mills ya rasu ranar 24 ga Yuli 2012, kafin gari ya waye John Mahama ya zama shugaban Gana. Mutum nawa ne cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a a 2007 da 2008 suka tsaya suka dubi suna na biyu da ke jikin takardar?

Ita kuwa Palin, a Yulin 2009 ta ajiye muƙamin gwamnan Alaska, saura shekara ɗaya da rabi wa'adinta ya cika.