Filin Masunta: A Ɗinka ma Jirgi Riga Kafin Damana

Daga Gaya zuwa tabkin Madarunfa da na Tabalak, jirgi shi ne gonar masunci. Amma sau da yawa mai jirgi yakan ɗaure shi a bakin gaɓa da marece, ya tafi gida, ya bar shi buɗe. Ruwa ya sauka cikin dare. Da safe sai a tarar ruwa ya kwanta cikin jirgin, taru ya cuɗe da laka, gishiri ya narke, busasshen kifin da za a kai kasuwa ya jiƙe.

Lissafin ba shi da wuya. Milimetir 1 na ruwan sama a kan fili mai metir 1 tsawo, metir 1 faɗi, litir 1 ke nan. Jirgi mai tsawon metir 8, buɗaɗɗen bakinsa ya kai irin wannan fili 6. In aka yi ruwan milimetir 50 a dare guda, litir 300 ya shiga ciki, wato tano ɗaya da rabi. A ƙasar Gaya kuwa, inda ake samun wajen milimetir 800 a shekara, irin wannan dare ba baƙo ba ne.

Waɗansu sukan jefa tamfol haka nan, su danne da duwatsu. Wannan wahalar banza ce. Tamfol ɗin yakan lotsa a tsaka ya zama kwatarniya, nauyin ruwa ya ja shi ciki tare da duwatsun. Abin da jirgi ke so shi ne riga da aka auna daidai jikinsa.

Kafin awo, sai a yi ma jirgin ƙashin baya. A shimfiɗa gwangwala ko gora tun daga goshi har gindi, a tokare ta da 'yan sanduna yadda tsakiyarta za ta ɗara bakin jirgi da kamu guda. Wanda ya iya tanƙwara tsumagun geza kamar na rumfa, ya fi kyau. Sa'an nan a ɗauki igiya a auna daga wannan gefe, a haye gwangwalar, zuwa wancan gefe. Ba wuri guda za a auna ba, don jirgi yana da ciki a tsaka, kuma ya tsuke a goshi da gindi. A auna kowane rabin metir, a ƙara santimetir 20 a kowane gefe saboda sauka da kalmasa. Mai dabara yakan fara yanka samfuri da tsofaffin buhuna, ya gwada a jikin jirgin. Buhu ba ya sa mutum kuka in an yanka shi ba daidai ba.

In tamfol na zaren auduga ne, a jiƙa shi ya bushe kafin a sa almakashi, don yana tsukewa. Wajen haɗa ƙyalle biyu, na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda ake jera kwanon rufi, a bi da ɗinki layi biyu. Zaren nailan za a sa, na auduga ruɓewa yake yi. Keken tela na kaya bai iya wannan aiki, allura zai yi ta karyawa. A kai ma masu ɗinkin tamfol na manyan motoci, ko baduku mai basilla. A goga kakin zuma a kan ɗinkin ya toshe hujin allura.

Bakin rigar kuwa, a kalmashe shi kamar ƙugun wando, a zura igiya ta zama zariya. In aka ja ta daga gindin jirgi, rigar ta kama ƙarƙashin leɓensa ko'ina. Zariya kaɗai ba ta isa ba. Iskar da ke gaban hadari daga gabas take tasowa, kuma in ta samu kafar da hannu zai shiga, ta samu ƙofa. Don haka a buga 'yan turakun itace a wajen jirgi, ƙasa da leɓe, a riƙa kamo rigar da robar cikin taya. Roba tana miƙewa ta dawo, igiya kuwa sai ta yaga ƙyalle. Inda za a huda, a fara liƙa fata. Wanda ba ya son huji sai ya ƙunsa ɗan dutse mai santsi cikin ƙyallen, ya ɗaure wuyansa da igiya. Kan ƙusa da kaifin katako a naɗe su da tsumma.

A bar 'yar kafa a goshi da gindi, tana kallon ƙasa, don iska ta ratsa. Jirgin da aka kulle ruf da jiƙaƙƙen taru a ciki, musamman da leda, gumi zai yi, katako ya fara ruɓewa. Mai inji ya bari ya huce, ya fid da jarkar mai tukuna.

Rigar nan ta jirgin da ke ajiye ce. Ba a ɗaure ta bisa kan mutane ana cikin tafiya. Jirgi in ya kife, wanda ke ƙarƙashin ɗaurarren tamfol ba shi da mafita.

Da rani, in an fid da jirgi tudu, a ɗora shi kan duwatsu saboda gara, a sa mishi rigar don kada rana ta tsage katako, igiya kuma ta bi ta ƙarƙashinsa wuri uku ko huɗu.