Waswasi A Gidan Aure: Rantsuwa Ba Ta Maganinsa

Daga cikin cututtukan da ke cin gidajen aure a ɓoye akwai waswasi, wanda likitoci ke kira OCD a taƙaice. Ba ina nufin ɗan kokwanton da kan ɗarsu a zuciyar kowa ya wuce ba. Ina magana ne a kan tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ya kafe, ya hana shi barci da sukuni. Za ka tarar da magidanci yana bin malamai da tambaya ko wata kalma da ya furta, ko ma wadda ya raya a zuci, ta zama saki. Ko ka ga amarya da ke son mijinta tsakani da Allah, amma dare da rana tana tuhumar zuciyarta: anya ina son sa kuwa? Wata kuma sai ta tambayi maigida sau goma a yini ko har yanzu yana ƙaunarta.

Abu na farko da ya kamata mai zama da irin wannan bawan Allah ya fahimta shi ne, tunanin ba madubin zuciyarsa ba ne. Tun a 1978 masana halayyar ɗan Adam biyu, Rachman da de Silva, suka nuna cewa akasarin masu lafiya ma mugun tunani kan gifta musu. Bambancin kawai shi ne su sukan watsar, shi kuwa mai waswasi yakan firgita ya shiga neman tabbaci. Ana ƙiyasin kimanin mutum 2 cikin 100 za su gamu da cutar a rayuwarsu, kuma takan kai hari ne kan abin da mutum ya fi daraja, wato addininsa da aurensa da 'ya'yansa.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi bayanin waswasi a matsayin ciwon da ake yi wa magani. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin wanda shakka ta aure shi a salla shi ne ya kau da kai daga gare ta. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a kama al'ummar nan da abin da zuciya ta raya matuƙar ba a furta ko an aikata ba.

To, a nan ne masoya ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Idan mai waswasi ya yi tambaya, sai matarsa ta rantse masa, ko miji ya sake jaddada wa matarsa ƙauna, ko a sake kai shi wurin wani malamin. Hankali yakan kwanta na ɗan lokaci, sannan shakkar ta dawo da ƙarfinta, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ba ta da sauƙi sai an ba ta tabbaci. Tamkar susar ƙazuwa ce, da daɗi a lokacin, amma miki ke ƙara faɗi. Rantsuwar da ta isa jiya, yau sai an yi uku.

Wani zai ce, ashe ba rashin tausayi ba ne ka ga naka cikin azaba ka hana shi kalma ɗaya? Amsa ita ce, amsar tambayar ake janyewa, ba ƙauna ba, kuma a hankali ake yi, da yardarsa. A zauna lokacin da hankali ke kwance a yi yarjejeniya. Idan abin ya motsa, uwargida na iya cewa: "Maigida, na ga kana shan wahala, kuma ina tare da kai, amma wannan tambayar ta waswasi ce, mun yi alkawarin ba za mu ciyar da shi ba." Daga nan a zauna tare har damuwar ta lafa da kanta. Ban da gori, ban da cewa "imaninka ne ya yi rauni", ban da kai labarin gidan biki. Malamai su ma su lura, wanda ya dawo da tambaya ɗaya karo na biyar ba fatawa yake buƙata ba.

Sai dai haƙurin iyali kaɗai bai isa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Cutar tana da magani. A 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya soma amfani da hanyar da har yau ita ce kan gaba: a riƙa fuskantar da mara lafiya da abin da yake tsoro sannu a hankali, tare da koya masa barin maimaitawa da neman tabbaci. Akwai kuma magunguna irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, kuma sukan ɗauki makonni 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano suna nan, haka ma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce, kuma bai hana addu'a.

A kula da abu biyu. Kishin da ke zuwa da duka ko kulle ko barazana ba abin lallashi ba ne, dole iyaye da hukuma su shigo. Haka nan idan mara lafiya ya fara zancen gajiya da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Kira na ƙarshe ga iyaye da waliyyai: kada ku yi gaggawar raba aure don kun ji ɗanku ko 'yarku na kokwanto. Wanda ke kuka don tsoron rasa abokin zamansa ba ƙiyayya ce ke damunsa ba, ciwo ne, kuma saki ba ya warkar da shi. Mai jinyar ma ku tallafa masa, domin shi ma yana gajiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.