Wai yaran yanzu ba su da haƙurin aiki?

1/ Jiya a Bata ina jiran adaidaita na ji wani Alhaji yana ta faɗa: "Yaran yanzu ba haƙuri, wata uku sun gudu." Na yi shiru don ya haife ni. Amma a nan kam zan amsa.

2/ Babana ya yi shekaru a wata masaƙa a Bompai. Bai taɓa ajiye aiki ba, aikin ne ya ajiye shi. Ba wuta, atamfar China ta cika Kantin Kwari, aka sa wa ƙofa kwaɗo. Haƙurin nasa bai biya mana ko kuɗin makaranta ba.

3/ Yayana kuma banki ya bari. Taye a wuya, ashe ɗan kwantiragi ne, ba ƙarin girma. Da ya samu koyarwa a gwamnati ko waiwaye bai yi ba. Mai iyali fansho yake hange.

4/ Ni ma na ɗana. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas muna gida, na tsaya a wani shagon waya nan Bata. Takwas na safe zuwa tara na dare, har Lahadi. Caja ta ɓace, a cire a albashina. Kuma fa wannan kafin a cire tallafin fetur a 2023 ne. Yanzu kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye albashin.

5/ Za a ce ai mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024. To, dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Daga Bata zuwa Kasuwar Sabon Gari, shago nawa ne ke da mutum 25?

6/ Ga inda ya fi min ciwo. A da yaron kasuwa yana jurewa ne don ya san akwai sallama. Ka yi wa maigida shekaru, ya ba ka jari, ya kama maka rumfa, wani ma har aure ya yi maka. Da yawa cikin masu mana gorin nan haka aka tashe su.

7/ Yau ana so mu yi biyayyar yaron gida, a biya mu kamar ɗan haya, ranar rabuwa kuma sai "Allah ya sa albarka." Amin, wallahi muna so. Amma ina jarin?

8/ Alhaji, yaro nawa ka sallama da jari a shekara goman nan? Faɗi adadin, gobe in kawo maka takarduna.