Lauyan Haraji: A Kai Shi Panshekara Kafin A Kai Shi Kotu

A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya kawo mini ziyara. Bara aka rantsar da shi a matsayin lauya bayan ya kammala Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, yanzu kuma ya samu aiki a sashen shari'a na wata hukumar tara haraji. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Malam, shekara shida na yi ina karatun doka, amma ranar da aka ajiye mini fayil na farko rasa inda zan kama shi na yi. Me ya kamata in fara koya?" Na ce masa ya tari Adaidaita Sahu ya tafi Panshekara. Ya yi dariya, a zatonsa zolaya nake yi. Da gaske nake, kuma dalilina ne zan baje a wannan fili yau.

Ruɗewar wannan matashi ba laifinsa ba ce. A Nijeriya ɗalibi yana yin shekara biyar a jami'a, shekara guda a makarantar lauyoyi, daga nan a rantsar da shi, ya zama yana da ikon tsayawa a gaban kowane alƙali. Darussan makarantar lauyoyi biyar ne: ƙarar farar hula, ƙarar laifuka, harkar kamfanoni, harkar filaye da kadarori, sai ladubban sana'a. Haraji bai samu gurbi na kansa ba, a jami'a ma galibi darasi ne na ganin dama. A Ingila kuwa, barista ba ya cin gashin kansa sai ya yi shekara guda yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin gogaggen lauya: wata shida yana kallo, wata shida yana gwadawa. Hukumar harajin ƙasar, wato HMRC, tana cikin ma'aikatun da ke ɗaukar irin waɗannan almajirai ta horar da su. Mu a nan, sabon lauya yana koyon aikin ne a kan wuyan mai biyan haraji.

To me ya sa Panshekara? Domin a can ne zai ga abin da fayil ba ya nunawa. Garin yana Ƙaramar Hukumar Kumbotso, dab da rukunin masana'antu na Challawa, inda kamfanonin jima suka yi sansani. Duk wanda ya tsaya a bakin titi da sassafe zai ga ayarin ma'aikata, da mai shayi, da mai kosai, da mai faci, waɗanda abincinsu ke rataye a ƙofar kamfani ɗaya. Zai kuma ga gine-ginen da ciyawa ta cinye, kamar yadda ake ganinsu a Sharaɗa da Bompai, inda masaƙu da dama suka daɗe da yin shiru. Kamfani guda a wannan yanki yana biyan harajin riba da na VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, ga Gwamnatin Tarayya. Yana miƙa harajin albashin ma'aikatansa ga jiha, ƙaramar hukuma ita ma tana da nata kason. Tun 1998 aka yi dokar da ta fayyace abin da kowane mataki zai karɓa, amma har gobe masu masana'antu suna kukan haraji a kan haraji. Lauyan da ke rubuta takardar neman izinin garƙame wuri ya kamata ya san adadin tukwanen da za su sauka daga murhu idan aka sa kwaɗon.

Kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nake a horar da lauya mai sanyin gwiwa ba. Kamfanin da ya yanki haraji daga albashin lebura sannan ya danne kuɗin ya ci amanar leburan da gwamnati gaba ɗaya, kuma ya cancanci a gurfanar da shi. Abin da nake nufi shi ne, sanin wurin bugu shi ne ƙira. Aikin lauyan hukuma shi ne ya tabbatar an karɓi abin da doka ta ce, ta hanyar da doka ta ce. An isar wa mutum da takardar ƙiyasi? An ba shi kwana 30 da doka ta tanada don ya ƙi amincewa? An sanar da shi cewa yana iya kai kuka Kotun Sauraren Ƙararrakin Haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna? Ranar da lauya ya iya duban shugabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙiyasi ba zai tsaya a kotu ba," a ranar ya yi wa baitulmali hidimar da ta fi ta mai kwaɗo.

Mu Kanawa mun san zafin wannan magana. Haraji da jangali na cikin abubuwan da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yi gwagwarmaya a kansu, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Talaka bai manta wulaƙancin da ya sha a hannun masu karɓa ba, shi ya sa har yau yake kallon mai tara haraji a shelaƙe. Adalci a aikace ne kaɗai zai wanke wannan tabo.

Lokaci kuma ya ƙure mana. A ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka maye gurbin hukumar FIRS da NRS, suka kuma samar da ofishin sauraren koken masu biyan haraji. Sabuwar doka takan zo da sababbin shari'o'i, kuma matasa irin ɗalibina ne za su tsaya a kansu.

Shawarata ga hukumomin haraji, na tarayya da na jiha, ita ce su tsara wa kowane sabon lauya horon shekara guda. Ya fara zama da masu binciken lissafi har ya iya karanta littafin kuɗin kamfani, ya zaga Challawa da Sharaɗa da Bompai ya saurari masu masana'antu da ma'aikatansu, sannan ya bi babban lauya kotu yana riƙe masa fayil kafin a ba shi nasa. Tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu, irin ta Bayero, za su iya ba da gudummawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da zai tafi, ɗalibin nawa ya yi mini alkawarin zai je ranar Asabar. Na ce masa ya yi sammako, ya kuma bar kwat ɗinsa a gida. Allah Ya yi masa jagora, mu kuma Ya kai mu mako mai zuwa.