Ɗaure kara a Turai: darasin da ke cikin ƴan ƙananan gonakin nuni

A wuraren baje kolin noma na Faransa, Jamus da Ingila, akwai teburin da jama'a ba sa wucewa ba su tsaya ba: gona sukutum da aka ƙera ƴar mitsitsiya, da shanunta, da rumfunanta, da taraktocinta. Galibi ana rage girman kowane abu sau 32, ta yadda taraktar mita 5 ba ta wuce santimita 16 ba. Kamfanoni irin su Britains na Ingila da Siku na Jamus ne ke ƙera kayan, masu sha'awa kuma su shafe watanni suna haɗa gonar.

Abin da aka fi nunawa shi ne aikin bayan girbi. Injin ya yanke alkama ya bar kara a jere, wani injin yana bi yana dunƙule shi, ana lodawa a kai rumfa kusa da garke. Ƙaramin ɗauri mai kusurwa huɗu yakan kai kilo 15 zuwa 20, babban mulmulalle kuwa ya haura kilo 200. Da hunturu ana shimfiɗa wa shanu karan su kwanta a kai, ya gauraya da kashinsu ya koma gona a matsayin taki.

Turawa ma sai da suka sha wuya suka san darajar kara. A farin 1976, Faransa ta sa sojoji jigilar kara zuwa yankunan da dabbobi ke fama da yunwa. Ingila kuma ta hana ƙona shi a gonaki tun 1993.

A Nijar ba sai an faɗa wa kowa ba. Duk mai kiwon turke a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san yadda damin harawa ke araha da kaka, ya zama sai mai hali da bazara. Ƙarancin ciyawa na 2010 ya hallaka dabbobi masu yawa, kuma a shekarar ne aka fitar da dokar kiwo da ta tsara yadda ake kwasar haki a daji. Duk da haka, har yau ana tara ciyawa a kan rufin ɗaki ko a reshen itace, rana ta busar da amfaninta, gara ta ci, gobarar daji kuma ta lashe wadda ba a kwasa ba. Amalanke yakan cika da tulin haki marar nauyi, kuɗin dako ya cinye ribar.

Ɗaurewa tana rage wannan asara, domin matsattsen ɗauri ba ya cin wuri, yana da sauƙin ƙirgawa da sauƙin dako. Sai dai injin Turai ba a ƙera shi don karan hatsi da dawa masu kauri ba, ga tsadar gazuwal da kayan gyara. Abin da ya fi dacewa shi ne matsewar hannu da maƙeran gari za su iya ƙerawa, da injin niƙa kara, irin wanda cibiyar binciken noma ta INRAN ke amfani da shi wajen haɗa dunƙulen abincin dabbobi.

Akwai kuma haɗari. Idan aka kwashe kara kakaf, iska za ta kwashe ƙasar gona, makiyayin da ke jiran a saki gonaki kuma ya tarar da fili fayau, abin da kan hura wutar rikici.

Saboda haka aikin yana wuyan magadan gari, ƙungiyoyin manoma da na makiyaya: su tsayar da abin da za a kwasa da abin da za a bari, su gina rumbunan ajiya tun da kaka. Baje kolin SAHEL na Yamai wuri ne da za a iya kafa irin wannan ƴar gona, amma ta ƙasar nan, da gero, da amalanke, da burtali, domin wanda bai yi lakwal ba ma ya gane tsarin da kallo ɗaya.