Buhu mai hula da mai saye marar suna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Arewa kusa da Madawa, ko ta Karofane a Buza, ko ta Tamaske a Keita, a lokacin ɗibar albasa, ya ga buhu mai hula. Ana cika buhu har baki, a ɗora masa tozon albasa, a rufe da wani ƙyallen buhu, a ɗinke. Masu jin Faransanci suna ce wa wannan ƙari «shapo», wato hula. Kuɗin buhu ɗaya ake biya, amma abin da ke hawa mota zuwa Gana ko Abijan ya fi buhu. Manomin da ya share watanni yana ban ruwa a fadamar Tarka shi ne ya ɗinka wa buhun hula, shi kuwa ya koma gida kai a buɗe.

Abin lura shi ne hular ta sami suna, amma wanda ya ce sai an sa ta bai samu ba. Hausa ta wadata da sunayen zambar mai sayarwa: algus, tauye mudu, ƙwaruwa. Mai saye kuwa kalmomi masu ladabi aka bar masa: tayi, ragi, gyara, ɗanɗano. Alhali Suratul Muɗaffifina, wadda ake yi wa ƴan kasuwa wa'azi da ita, ba ta ƙyale shi ba. Da halin mai karɓar awo ma ta fara.

Wannan giɓi ne samari da ƴan mata masu talla suke cikewa idan suka raɗa wa mai wayo sunan ban dariya. Sai ga wasu malamai da masu kishin harshe suna ɓata fuska, suna cewa wannan Hausar tasha ce, ba ta cancanci allo ba, balle ƙamus. A ganinsu, sabuwar kalma ba ta halatta sai ta fito daga taron ƙwararru a Yamai, da hatimi a gindinta.

To, wace hukuma ce ta zauna ta ƙago «faɗi-ka-mutu» ga tangaran? Wane kwamiti ne ya amince da «dafa-duka», da «hana-salla», da «a-ci-bulus»? Babu. Bakin mutane ne ya haɗa aikatau da abin da ya faɗa wa, wasa ya zama suna, suna ya zauna. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934, tattara kalmomi ya yi daga bakin masu harshen, ba ƙera su ya yi ba. Wanda ya hana yaro irin wannan ƙira, maƙerar Hausa kanta ya rufe.

A gwada wannan ma'auni a kasuwa, a ga abin da zai haifar. Mai bin teburan ƙilishi yana ɗanɗanawa har ya ƙoshi bai sayi ko na dala ba, ai «ɗanɗani-ka-wuce» ne. Mai aibata rago, ya ce ramamme ne, alhali ransa na kansa, «kushe-ka-saya». Mai laɓewa har rana ta yi ja, sai mai tumatir ta ga gara asarar rabi da komawa ƙauye da kaya, «jira-magariba». Mai sa a ajiye masa tiya biyar ta wake ya ɓace, «ina-dawowa». Mai sayen albasa kuwa da ba ya biya sai buhu ya yi tozo, me zai hana a kira shi «sa-mini-hula»? Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai karya nahawu ba, kuma ba ya bukatar aron Faransanci.

Akwai suka ta biyu da ta fi ta farko nauyi: wai raha tana rage girman laifi, cuta idan ta sami sunan wasa sai ta zama gwaninta. Amma wannan rashin sanin aikin habaici ne. Mai talla ƴar shekara goma sha biyu ba ta da ikon ce wa dattijo ɓarawo. Manomin da ke da bashin taki ba ya iya kai babban dillali gaban sarkin kasuwa, don baɗi ma shi zai saya. Abin da ya rage musu shi ne suna mai sukar hali ba tare da kama mutum ba. Idan aka ce «ga jira-magariba nan tafe», ba a zagi kowa ba, amma mai tsoron a mutu ya tsargu. Kunya kuwa tana gyara abin da tara ba ta gyarawa.

Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar kalmomin shari'a da na kimiyya, babu musu. Amma idan ya iya faɗin sunan iskar da ganye ke shaƙa, ya kasa faɗin abin da aka yi wa manomi a bakin buhu, to ya koyi zaman ofis ne, ya manta gidansu.

Saboda haka aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu a fili yake. A tura ɗalibai kasuwannin Tunfafi da Sabon Gida da Ibohamane da littafin rubutu, su kwaso sunayen da ake raɗawa, su ƙera nasu, a auna su a aji da ma'aunin nahawu. Wanda ya yi daɗin baki zai rayu, wanda bai yi ba zai mutu da kansa, ba sai an sa masa jan alƙalami ba. Buhu ya daɗe da hula. Lokaci ya yi da mai saye zai sami suna.