Ba Zafin Rana Ke Tafasa Mota Ba, Sakaci Ne

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kaduna ko ta Kano zuwa Maiduguri zai ga abu ɗaya: mota a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi, fasinjoji sun rakuɓe a gindin bishiya, yaron mota ya ruga da jarka neman ruwa. A tambayi direba, amsarsa a shirye take: "Zafin gari ne."

Ƙarya ne. Ranar da ke dukan motarsa ita ke dukan waɗanda ke wuce shi a guje. Me ya sa tasa ce kaɗai ta tafasa?

Inji dama an ƙera shi ya yi aiki cikin zafi, wajen digiri 90. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsin da ke hana shi tafasa sai ya kai wajen 120. To ina zafin Sakkwato na digiri 40 da ɗoriya zai tafasa wannan ruwa? Sai dai idan murfin ya mutu. Kuma ya mutu ɗin. Je ka tasha ka duba: robarsa ta cinye, an naɗe bakin da leda ko tsumma. Murfin nan nawa yake? Bai kai kuɗin fasinja ɗaya ba.

Sai ruwan kansa. Masu ƙera mota sun ce a zuba ruwan lagireto na musamman, mai hana tsatsa. Mu kuwa ruwan rijiya, ruwan kududdufi, ko a fasa fiyawata a ɗura. Gishirin da ke cikin ruwan ya daskare a ƙananan bututun lagireto, tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa, ruwan ya koma ja kamar na jan laka. Wa ya toshe lagireton, rana ko mai motar?

Laifin direba ke nan. Na bakanike ya fi muni, domin shi aka ba amana.

A kai masa mota tana zafi. Kafin ya tambayi yaushe take yi, ya riga ya ɗauko sifana. "Alhaji, tamostat ne. Na ƙasar Turawa ne, mu nan ba ma buƙatarsa." Ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta, ya karɓi kuɗinsa, ya haɗa da rantsuwa. Wannan gyara ne? Ɓoye ciwo ne. Tamostat shi ke riƙe inji a zafin da ya dace da shi. A cire shi, injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa, kuma ainihin matsalar tana nan inda take.

Alhali motar da kanta tana faɗin abin da ke damunta. Idan tana zafi a cunkoso, ta huce da an hau babban titi, a duba fanka: fis ɗinta, wayarta, ko na'urar da ke tayar da ita. Idan sai a guje ko a hawan tudu take yi, a tuhumi lagireto da ya toshe ko famfon ruwa da ya gaji. Idan inji ya ɗau zafi amma tiyon sama bai ɗumama ba, tamostat ne ya maƙale, sai a sa sabo. Idan ruwa na raguwa, a bi tiyo da gindin famfo a nemi yoyo. A duba fambel, a duba baƙin mai.

Idan kuwa ruwa na ƙarewa ba alamar yoyo, farin hayaƙi na fita ta salansa, kumfa na tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma launin madara, to gasket ya ƙone. Wanne ne a cikin waɗannan yake buƙatar digirin jami'a? Ido ne da haƙuri. Wanda ya shekara goma a gareji bai san su ba, me ya koya? Wanda ya sani ya ƙi dubawa, me za a kira shi?

Akwai kuma direban da ke ganin allurar zafi ta doshi ja, ya ce bari a ƙarasa garin gaba. Wani ma allurar ta mutu tun bara, bai gyara ba, amma ya sayi sabuwar rediyo da labule. Ya rubuta addu'a a bayan mota, ya cika ta da mutane da buhuna fiye da ƙima, ya karɓi kuɗin mota cif. In inji ya buga a tsakiyar daji, ya ce ƙaddara ce. Tawakkali ba ya hana duba ruwa da safe.

Wa ke biyan kuɗin wannan ganganci? Mai jego da jariri a cikin rana. Majinyacin da aka nufi asibiti da shi. Matafiyan da dare ya riska a hanyar da kowa ke tsoro. Da yaron motar da aka ce ya buɗe murfi ruwa na tafasa, ya ƙone fuska da hannu, aka shafa masa baƙin mai aka ce Allah ya kiyaye gaba.

Jama'a, mu ma mun yi shiru da yawa. Mai mota, in bakanike ya ce zai cire tamostat, ka ce ya nuna maka abin da ya gwada. In ba shi da amsa, ɗauki motarka ka bar masa garejinsa. In allura ta hau, ka tsaya, ka kashe inji, kada ka taɓa murfi sai ya huce. Fasinja, kana da ikon tambaya kafin ka biya. Shugabannin tasha kuma, da ba sa yafe kuɗin lodi ko na mota ɗaya, su riƙa buɗe bonet kafin su ba da layi. Motar da ba ta da lafiya, kada a loda mata mutane.